Katin Ma'aikacin Lafiya na Soja: Yadda Nake Gane Na Gaske, In Saya, In Adana

A akwatin da nake ajiye takarduna akwai wani ɗan littafin albashi na sojan Birtaniya, irin wanda suke kira AB64. Ba ya kwanciya daidai a kan tebur. Ya lanƙwashe, ya ɗauki siffar ƙirjin mai shi, saboda shekarun da ya yi a aljihun gaba na kaki. Gefen da ke taɓa jiki ya fi ɗayan duhu, gumi ya rine shi. Ranar da na fara buɗe shi na tarar da wata takarda a ninke cikin aljihun bangon baya, da jan kuros a samanta, da hatimin rundunar da ta ba shi, da sa hannun wani hafsa wanda tawadarsa ta koma ruwan ƙasa. Mai littafin ma'aikacin jinya ne. Takardar ba ta kai tafin hannuna ba, amma ita zai zaro ya ɗaga ranar da abokan gaba suka rutsa da shi durƙushe a kan wanda ya ji rauni.

Tun daga ranar na rabu da sauran kayan soja, lambobin yabo da hulunan kwano, na tsaya a kan waɗannan takardu kaɗai. Na tafka asara a hanya, na kuma koyi abubuwan da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini tun farko.

Fara da dokar da ta haifi katin

Yarjejeniyar Jeniba, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan kare raunanan yaƙi da masu jinyarsu, ita ce ta wajabta wannan takarda, kuma duk sa'ad da aka sabunta yarjejeniyar sai kamannin takardar su sauya. Wanda ya riƙe shekaru huɗu a ka, 1864 da 1906 da 1929 da 1949, ya samu ma'aunin da zai auna duk abin da dillali ya miƙo masa.

Ta farko, wadda ƙasashe 12 suka sa wa hannu ranar 22 ga Agusta 1864, shekara biyar bayan Henry Dunant, mutumin da ya assasa ƙungiyar Red Cross, ya ga dubban raunana yashe a fagen yaƙin Solferino na Italiya, ba ta ambaci kati ba sam. Tuta ta ambata da ƙyallen damtse, fari mai jan kuros, ta ce hukumar soja ce ke bayar da ƙyallen. A 1906 aka ƙara da cewa dole hukumar ta buga hatiminta a kansa, a ɗaura shi a hannun hagu, sannan wanda ke aiki da sashen lafiya amma ba ya sa kaki a haɗa masa da takardar shaida. Da wannan dokar aka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya. Shi ya sa da yawa daga takardun 1914 zuwa 1918 da za ka ci karo da su na 'yan sa-kai ne, matan jinya da direbobin motar ɗaukar marasa lafiya.

Ta 27 ga Yuli 1929 ita ce ta Yaƙin Duniya na Biyu, kuma sashe na 21 nata shi ne na fi so ka karanta da idonka, ba shi da tsawo. Ya ce kowane ma'aikacin lafiya ya kasance da shaida, ko dai a rubuta ta cikin littafinsa na soja, ko a ba shi takarda ta daban. Hoto kuwa, waɗanda ba sa sa kaki kawai aka wajabta wa. To ka ga, takardar soja mai kaki ta 1940 da ba ta da hoto ba lallai jabu ba ce. Na taɓa barin wata ta wuce ni saboda wannan rashin sanin, kuma har yau ina tuna ta. Sashen ya kuma ce takardun kowace runduna su zama iri ɗaya, ba a ƙwace su daga hannun mai su ko ta halin ƙaƙa, in sun ɓace a ba shi wasu. Wannan jumlar ta ƙarshe ce dalilin da za ka ga kati mai kwanan watan 1944 a hannun mutumin da ya shiga soja tun 1940. Na biyu ne ko na uku.

Ta 12 ga Agusta 1949 ce ta zayyana katin da aka sani a yau. Sashe na 40 ya ce ya zama wanda ruwa ba ya ɓatawa, mai shiga aljihu, da harshen ƙasar, ɗauke da suna, ranar haihuwa, muƙami, lambar soja, da matsayin da ya ba mai shi kariya. Dole hoto, dole sa hannu ko dangwalen yatsa ko duka biyun, dole hatimi mai tudu wanda yatsa ke ji. Har samfurin katin aka buga a ƙarshen yarjejeniyar. Idan wani ya nuna maka kati mai ambaton yarjejeniyar 1949 ya ce daga fagen yaƙin Normandi na Faransa ya fito a 1944, magana ta ƙare, ka mayar masa da kayansa.

Me ya sa mutum zai riƙe wannan takarda kamar ransa? Dokar 1929 ta ce ma'aikacin lafiya da aka kama ba fursunan yaƙi ba ne, a mayar da shi gida da zarar hanya ta buɗe. A aikace an riƙe da yawa cikin sansanoni suna jinyar 'yan'uwansu, amma wanda ya iya nuna shaidarsa yana da hujjar shiga jerin musaya, irin wadda aka yi a Gothenburg ta ƙasar Suwidin a Oktoban 1943. Takardar da ke ɗauke da hatimin sansanin fursunoni, wurina, ta fi kowace daraja, domin ta yi aikin da aka buga ta dominsa.

Alamar ma tana da shekarunta. Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fara amfani da jan jinjirin wata a 1876, aka amince da shi a hukumance a 1929 tare da jan zaki da rana na Farisa, wato Iran ta yau. Iran ta ajiye zakin a 1980. Jan lu'ulu'u mai kusurwa huɗu sai a 2005 ya shigo.

Zaɓi gona ɗaya ka nome ta

Kuskuren sabon shiga shi ne son komai. Yau katin Amurka, gobe littafin Jamus, jibi takardar Faransa, a ƙarshe bai san ko ɗaya da kyau ba. Ido ba ya gane jabu sai ya ƙoshi da ganin na gaske, kuma ba zai ƙoshi ba in yana yawo. Ƙasa ɗaya, yaƙi ɗaya, aƙalla shekara biyu na farko.

In harshen Ingilishi ne ya fi maka sauƙi, Amurka ce ƙofar da ta fi buɗuwa. Ma'aikatar Yaƙinsu ta buga wa ma'aikatan lafiya kati na musamman mai lambar fom 65-10, da jan kuros, da hoto, da dangwalen yatsa, da tsayin mutum da nauyinsa da launin idonsa. Lambar sojan kanta tana magana. Ta hafsa takan fara da harafin O, ta matan jinya da N. A ƙananan sojoji, wadda ta fara da 1 ta wanda ya kawo kansa ce, 2 ta dakarun jihohi, 3 ta wanda aka ɗauka bisa tilas. Katin likita mai muƙamin kyaftin da lambar kurtu, ka san akwai tambaya. A 1947 aka sauya sunan Ma'aikatar Yaƙi, daga baya katin wannan rukuni ya koma fom mai lamba DD 1934.

Na Birtaniya sun fi sauƙin kai, kuma sau da yawa a cikin AB64 ake samun su, kamar nawa. Rundunar lafiyarsu, RAMC, an kafa ta a 1898. Daga 1920 aka ware wa kowace runduna zangon lambobinta, na RAMC ya faro daga 7245001 zuwa 7536000. Sai dai wanda aka sauya wa runduna yakan tafi da tsohuwar lambarsa, don haka lambar da ta fita daga zangon ba hukunci ba ce, dalilin ƙara bincike ne kawai.

Na Jamus su ne suka fi cika da bayani, su ne kuma aka fi yi wa algus. Soja yana yawo da Soldbuch, littafin albashi da shaidarsa, a jikinsa, shi kuwa Wehrpass, littafin tarihin aikinsa, yana ofishin rundunarsa muddin yana bakin aiki. Ga tarkon da na ga mutane da dama sun faɗa: a tsakiyar Soldbuch akwai shafukan da ake buga hatimin asibiti, Lazarett. Mai sayarwa zai buɗe nan ya ce maka ka ga, ma'aikacin asibiti ne. Ba haka ba ne. Waɗannan shafuka na kwanciyar da mai littafin ya yi ne a matsayin majinyaci. In kana son sanin aikinsa, duba muƙaminsa a shafi na 1 da rundunarsa a shafi na 4. Kalmar Sanitäts ko gajartarta San. ita kake nema, ko muƙaman likitoci da ke ƙarewa da arzt, kamar Stabsarzt, daidai da kyaftin, da Oberstabsarzt, daidai da manjo. A farkon yaƙin Soldbuch na sojan ƙasa ba shi da hoto, sai daga ƙarshen 1943 aka shiga liƙa shi a cikin bango. Matan agaji na ƙungiyar Red Cross ta Jamus kuma suna da nasu littafin, Verwendungsbuch, inda ake jera duk asibitin da aka tura su.

Faransa tana da daɗin tarawa saboda ƙungiyoyin agaji uku ne suke aiki kafaɗa da kafaɗa, kowace da takardunta, har aka haɗe su wuri ɗaya a 1940.

Lokacin da takardar ta zo hannunka

Kayan aikina ba su da yawa: madubin ƙara girma mai ninki goma, 'yar fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita, tocila, da fensir.

Bari in ba ka labarin asarata ta farko, domin kusan duk darasin yana cikinta. A wani gwanjo na intanet na sayi kati da ƙyallen damtse a haɗe, da dogon labari cewa na wani ma'aikacin lafiya ne da ya sauka gaɓar Normandi ranar 6 ga Yuni 1944. Labarin ne ya ɗauke mini hankali, hotunan ma ban tsaya na dube su da kyau ba. Da kayan suka iso na kashe fitilar ɗaki na haska shuɗin hasken. Katin ya yi shiru, ruwan toka-toka, kamar yadda tsohuwar takarda ke yi. Amma hoton da ke jikinsa sai ya ɗau haske fari fat. Na sa madubi. Hatimin da ya kamata ya hau kan hoto ya sauka kan kati a da'ira ɗaya, rabinsa na kan hoton bai haɗu da na kan katin ba, ya goce da kamar kaurin farce. Na juya bayan katin, sai ga hudar ƙarfen riƙe hoto har huɗu inda ya kamata a ga biyu, tsofaffin biyun da zoben tsatsa kewaye da su, sababbin tas. Katin na gaske ne. Wani ne ya cire hoton mai shi ya sa na wani saurayi mai hular kwano don ya fi jan ido. Abin ya yi mini ciwo, kuma ba kuɗin ne ya fi damuna ba. An raba mutum da fuskarsa, ba kuma yadda za a yi a mayar masa.

Ga abin da ke ƙarƙashin wannan gwaji. Daga shekarun 1950 masana'antu suka fara zuba wani sinadarin ƙara fari a takarda, shi ne ke walƙiya a shuɗin haske. Takardar da aka ce ta 1943 ce ta kuma yi walƙiya gaba ɗayanta, ka yi hattara. Amma gwajin hanya ɗaya yake bi. Rashin walƙiya bai wanke takarda ba, domin masu jabu suna yago fararen shafuka daga tsofaffin littattafai. Ƙyalle kuma yakan yi walƙiya in an taɓa wanke shi da sabulun zamani, ko da na gaske ne.

Bayan haske, sai bugun. Kwantar da tocila ta gefe yadda hasken zai shafi fuskar takardar. Yawancin takardun wancan zamani injin dannawa ne ya buga su, haruffa sun ɗan nutsa, tawada ta taru a gefen kowane harafi. Na'urar buga takardu ta kwamfuta kuwa, in ka sa madubi, ɗige-ɗige za ka gani masu launi daban-daban, musamman cikin jan kuros ɗin. Jan gaske shafe yake bai ɗaya. Rubutun tafireta ma yana barin rami, aya da waƙafi har kusan huda takarda suke yi, ka shafa bayan za ka ji.

Sai tawada. Biro bai shiga kasuwa sosai ba sai ƙarshen 1945, a Oktoban shekarar aka fara sayar da shi a birnin New York. Sa hannun hafsa da biro a kan katin 1942 ba ya yiwuwa. Amma in tsohon soja ne ya rubuta sunan garin da ya yi aiki a bayan katinsa da biro bayan shekara talatin, wannan ba aibi ba ne, ni ƙara mini son katin yake yi. Ka bambance abin da hukuma ta cike da abin da mai shi ya ƙara. Littafin da aka yi shekara huɗu ana rubutu a ciki kuma, dole ka ga hannu daban-daban da tawada daban-daban. In hannu ɗaya ne da alƙalami ɗaya tun daga 1940 har 1944, a zama ɗaya aka rubuta shi.

Tsufa ma yana da tsarinsa. Katin da ya zauna a aljihu, kusurwoyinsa ne ke fara cinyewa, layin ninki ya yi laushi kamar tsumma, datti ya bi layin. Wanda aka jiƙa da ruwan shayi aka gasa, launinsa ɗaya ne ko'ina, har cikin ninkin da iska ba ta taɓa shiga ba. Ka sansana shi ma, hanci yana taimakawa.

Game da ƙyalle da kati a haɗe: wasu rundunoni sun buga lamba a ƙyallen suka rubuta ta a takardar. In lambobin sun dace, ka samu abin da ba a cika samu ba. In babu abin da ya ɗaure su sai bakin mai sayarwa, ka yi cinikinsu a matsayin abu biyu da ba su san juna ba. A gwanjon intanet kuwa, kada ka taya sai an turo maka hoton gaba da baya, da na hatimin daga kusa, da alkawarin karɓar kaya in ka gano algus. Wanda ya ƙi, ya riga ya ba ka amsa.

Nemo mutumin

Wannan ne ɓangaren da na fi ɓata dare a kansa, shi ne kuma gwajin da mai jabu ya fi tsoro, domin ƙirƙirar takarda ta fi ƙirƙirar mutum sauƙi. Suna da lamba da runduna da kwanan wata, dole huɗun su haɗu a wani wuri da ba hannun mai sayarwa ba.

Ka shirya wa giɓi. Gobarar da ta tashi a ma'adanar takardun soja ta St. Louis ranar 12 ga Yuli 1973 ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18, ciki har da kusan kashi 80 cikin ɗari na sojan ƙasan Amurka da aka sallama tsakanin 1912 da 1960. A Landan ma, bam ɗin da ya faɗa ma'ajiyar Ma'aikatar Yaƙi a Satumban 1940 ya ƙone kusan kashi biyu bisa uku na takardun sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Abin da ya tsira yana ma'adanar ƙasa ta Kew, wasu da gefensu a babbake. Wannan yana nufin katin da ke hannunka wataƙila shi ne kaɗai takardar hukuma da ta rage mai ɗauke da fuskar mutumin.

Likitoci sun fi sauƙin bibiya. Na Birtaniya dole sunansa ya fito a rajistar likitoci da ake bugawa kowace shekara a wancan zamani, naɗinsa na hafsa kuma a jaridar gwamnati ta London Gazette. Ƙungiyar Red Cross ta Birtaniya ta sa katunan 'yan sa-kanta na 1914 zuwa 1918 a intanet, mutum fiye da 90,000. Kwamitin Red Cross na ƙasa da ƙasa da ke Jeniba ya buɗe katunan fursunonin wannan yaƙin ga kowa tun 2014. Na Jamus kuwa, ofishin da ke riƙe da bayanan sojojinsu, wanda aka sani da WASt, ya koma ƙarƙashin ma'adanar tarayya a 2019, kuma amsarsu tana ɗaukar lokaci, sai haƙuri.

In ba ka samu mutumin ba, nemi rundunarsa. Asibitin fagen daga yana da tarihin inda ya yada zango wata bayan wata. Hatimin da ya ce rundunar tana Italiya a watan da tarihi ya ce tana Masar, ɗayansu ya yi ƙarya.

Abin da ba na saya

Ba na sayen katin wanda zai yiwu yana raye, ko na rikicin da ba a daɗe da gamawa ba. Ranar haihuwarsa da fuskarsa da dangwalensa ne a jiki, kuma irin waɗannan katunan galibi mallakin gwamnatin da ta bayar da su ne. Banda haka, kati mai aiki in ya faɗa mugun hannu za a iya fakewa da shi a kai hari, abin da dokar yaƙi ta haramta, kuma ma'aikatan lafiya na gaske ne ke biyan bashin. Saboda haka ma ba na ɗaura ƙyallen a hannuna ko da wasa. Ƙasashe da yawa suna da dokar kare alamar, ta Birtaniya tun 1957.

Takardun Jamus na zamanin Hitler suna ɗauke da tambarin gwamnatinsa, kuma Jamus da wasu ƙasashen Turai suna da dokoki masu tsauri kan baje shi. Ka san dokar inda kake da ta inda kayan za su bi. Sannan jan kuros bai wanke kowa ba. A shari'ar likitoci da aka fara a Nuremberg a Disambar 1946, mutum 23 aka gurfanar kan gwaje-gwajen da aka yi a jikin fursunoni. Ni dai takardun likitocin SS, wato dakarun jam'iyyar Hitler, da na sansanonin gwale-gwale ba sa shiga akwatina. Wurinsu gidan tarihi, inda za a ajiye su tare da bayanin abin da aka aikata.

Ajiya

Na taɓa sa katin wata ma'aikaciyar jinya a firam na rataye a bangon da ke kallon taga, don in riƙa ganinta. Bayan shekara biyu na sauke shi na kwatanta da hoton da na ɗauka ranar da ya zo. Jan kuros ɗin ya koɗe, ya koma kamar ruwan da aka wanke nama. Shekara saba'in ya yi da jansa a cikin duhun aljihun tebur, ni na ɓata shi. Jan launi na cikin waɗanda suka fi saurin mutuwa a haske. Yanzu sai in ɗauki hoton gaba da baya da na'urar sikana, in buga kwafi in rataye, na ainihin ya koma akwati.

Kada ka kai kati a liƙe shi da leda mai zafi, ba a dawowa daga wannan. Kada salatif, kada gam, kada roba ta ɗaure, kada ƙarfen maƙale takardu. Ledar PVC, irin mai laushi mai wari da ake sa katin aiki a ciki, tana fitar da maiƙo da ke ɗago tawada. Nemi aljihun poliyesta ko polifirofilin na ajiyar takardun tarihi, da akwatin kwali mara asid. Kowace takarda da ɗakinta, ƙyalle kuma daban, a shimfiɗe cikin takarda mai laushi.

Danshi ya fi zafi ɓarna. Ka riƙe shi tsakanin kashi 30 da 50 cikin ɗari in da hali, a wuri mai sanyi da ba ya hawa da sauka, nesa da bangon da ke tsatsafar ruwa, sama da ƙasa. 'Yan ƙunshin silika masu shan danshi suna taimakawa in kana sabunta su. Ka buɗe akwatin lokaci-lokaci ka duba fumfuna da ƙwari. Hannu wankakke busasshe ya fi safar auduga, safa tana sa yatsa ya kasa jin takarda har ya yage ta. Fuskar hoto dai kada yatsa ya taɓa ta.

Ƙarfen da ya riƙe hoto ko ya yi tsatsa ba na cire shi, domin shi ne shaidar cewa hoton bai taɓa motsawa ba. Ba na goge tabo, ba na ƙara tawada inda ta koɗe. Abin da ya yage in bar shi a aljihunsa har in samu mai gyaran takardun tarihi.

Kowane kati ina haɗa shi da farar takarda da na rubuta da fensir: ranar da na same shi, daga wane irin hannu, abin da aka faɗa mini, sai a ƙasa, daban, abin da na tabbatar da kaina da inda na gan shi. In takardu sun zo tare, kati da wasiƙu da hotuna na mutum ɗaya, ba na raba su ko da an taya ɗaya da tsada. Sau ɗaya wata jikar mai kati ta same ni bayan na sa sunan kakanta cikin wata tambaya da na yi. Ba ta taɓa ganin hotonsa yana saurayi ba. Na aika mata da na ainihin, na riƙe kwafin, kuma a takardar fensir na rubuta ranar da ya koma gida.

Shi kuwa AB64 ɗin nan, wani abokin tarawa ya ce in danne shi ƙarƙashin manyan littattafai na wata guda zai miƙe. Ban yi ba. Na yanka kwali mara asid hawa uku, na fafe tsakiyarsa daidai lanƙwasar, yana kwance a ciki yadda ya fito daga aljihun mai shi, takardar jan kuros ɗin kuma tana gefensa a nata aljihun, a buɗe, don kada layin ninkin ya ƙarasa rabuwa.